Daga Shaho Zuwa Kaza: Yadda Za Ka Zama Masanin Tambarin Kulob Ko Ba Ka Taɓa Buga Ƙwallo Ba

Idan ka kai shekarun da gwiwa ta daina yarda da gudu amma baki bai daina son a saurare shi ba, wannan takarda taka ce. Bi matakan nan tara yadda aka jera su. Ina tabbatar maka, cikin shekara ashirin kacal za a riƙa ajiye maka kujera mai hannu a duk taron ƙwallo na unguwarku, a kira ka masani ta lasifika, a miƙo maka ruwan roba alhali sauran jama'a na tsotsar na leda. An gwada hanyar a Tudun Wada, a kan Malam Ɗantsoho, tsohon mai kula da fayil a wata sakatariya, kuma ta yi aiki. Irin aikin da ta yi, za ka gani.

Mataki na 1: Zaɓi fannin da babu kowa a cikinsa

Kada ka kuskura ka shiga musun ƙwallon Turai. Kowane direban keke ya fi ka sani, kuma yana da waya a hannu. Malam Ɗantsoho ya gwada sau ɗaya bayan ya yi ritaya, a majalisar da ake zama bayan la'asar. Ya ambaci wani ɗan wasa da yabo, wani mai acaɓa ya sanar da shi cikin ladabi cewa mutumin ya bar ƙwallo shekara shida da suka wuce, yanzu noma yake yi. Kwana uku Malam bai fito ba.

Rana ta huɗu ya fito da fanni nasa na kansa: tambarin Himma, kulob ɗin unguwa, wanda marigayi Malam Istifanus, malamin firamare, ya kafa a 1975. Shekara ashirin 'yan Himma suna wasa da bajo ɗinkakke a ƙirji, kafin rigunan gwanjo su zo a watsar da al'adar. Duk tsawon shekarun nan Malam Ɗantsoho ba ya nan. Da fari yana makarantar kwana, daga baya aiki ya yi ta yawo da shi daga wannan gari zuwa wancan. Wannan ba cikas ba ne. Ya tambayi tsofaffin 'yan wasa goma sha ɗaya me ke jikin bajon, duk suka ce tsuntsu ne. Wane tsuntsu? Ɗaya ya ce mai fiffike. Abu ne kamar tafin hannu, a ƙirjin mutum mai gudu, cikin taɓo, kuma mai sanye da shi ba ya ganin ƙirjinsa.

Inda shaidu goma sha ɗaya suka manta, nan ne gonarka. Shiga ka kafa turke.

Mataki na 2: Tara kayan aiki, ka bi ta gidan makoki

Tsohon ɗan wasa mai rai ba zai ba ka rigarsa ba. Zai ce ta ɓata, ko ya ce yana nan yana nema, ya kuma riƙe ka awa biyu da labarin ƙwallon da ya ci da ka a filin Gyallesu. Ka yi haƙuri. Kowa da lokacinsa.

Idan lokacin ya zo, je ka ta'aziyya da wuri, ka zauna kusa da babban ɗa. Kada ka yi maganar riga ranar farko, kai ba mara kunya ba ne. Bari sai bayan sadakar uku, lokacin da aka fara buɗe akwatuna. Manyan riguna suna da magada, huluna suna da magada, har takalmi yana da mai so. Tsohuwar jesi mai ramuka ita ce marainiya. Sunkuyar da kai ka ce marigayi ya taɓa yi maka alkawarinta. Babu wanda zai je ya tambayo shi.

Da wannan dabara Malam Ɗantsoho ya tara bajo bakwai cikin shekara tara, kowanne da irin tsuntsunsa. Shida ya ɓamɓaro su daga jikin riguna da reza. Na bakwai bai sha wahalarsa ba: a ƙasan adakar wani tsohon gola aka same shi, ba a jikin riga ba, naɗe cikin takarda, yana ƙanshin kafur. Kulu, matar Malam, ta taɓa ce masa mutanen unguwa sun fara tsorata idan ya gaishe su da jiki. Ya ce mata duk mai bincike haka ake yi masa.

Mataki na 3: Jera su, ka fitar da darasi

Tarin bajo a leda tsummoki ne. Tarin bajo a jere cikin akwatin gilashi tarihi ne. Sa kafinta ya yi maka akwatin, ka shimfiɗa koren ƙyalle a ciki.

Babu shekara a jikin ko ɗaya, amma kana da ido da ilimin boko. Ƙa'idar mai sauƙi ce: wanda ya fi koɗewa shi ya fi tsufa. A hannun hagu Malam Ɗantsoho ya sa wanda ya fi kowanne jin jiki, zarensa ya yi fari, gefensa ya zaizaye, amma tsuntsun ciki shaho ne sosai, siriri, baki a lanƙwashe, farce a waje. Ya buga masa takarda da tafireta: 1975. Na biye da shi ya ɗan yi nama, kamar shirwa. Na uku da na huɗu sun koma wajen tantabara. Na biyar da na shida, idan za a faɗi gaskiya, zabi ne. A can ƙarshen dama ya ajiye na cikin adaka, sabo fil, launinsa na ɗaukar ido: kaza, jibgegiya, a zaune, fuskarta cike da kwanciyar hankali kamar ta gama ƙwai. Ya buga mata 1995.

Yanzu ka ja baya ka duba. Daga shaho zuwa kaza cikin shekara ashirin. Ba sai ka yi dogon bayani ba, ka yi ajiyar zuciya kawai. Babu labarin da dattawa suke so kamar na lalacewa, domin kowa yana jin a zamanin shaho ya yi tasa ƙuruciyar. Malam Ɗantsoho ya yi amfani da akwatin nan ya bayyana faɗuwar tarbiyya, da ƙarancin ruwan famfo, da dalilin da ya sa burodi ya ƙanƙance.

Mataki na 4: Nemo mai laifi, wanda yake kusa

Lalacewa ba ta yin daɗi sai da wanda za a nuna da yatsa. Kada ka zaɓi matacce, ba zai ji ba. Kada ka zaɓi mai kuɗi.

Kowa ya san tela na ƙarshe da ya yi wa Himma ɗinki shi ne Kailani, wanda shagonsa ke kallon majalisa, tsallaken kwata. Bajo na ƙarshe kaza ne. Sauran lissafin yaro ma zai yi. Cikin wata guda sunan Kailani ya koma Mai Kaza, har masu kawo ɗinkin sallah suna tambaya ina ne shagon Mai Kaza.

Duk baƙon da ya zo ganin akwati, Malam Ɗantsoho sai ya tsallaka da shi shagon, ya ɗaga shahon a gaban keken ɗinki. Ya nuna yadda aka karya fiffiken, yadda aka sa zare ɗaya tak ya zama ƙwayar ido, ya ce hannun da ya yi wannan ya san Allah ya san aiki, irinsu sun ƙare, an bar mu da masu kiwon kaji. Kailani mutum ne mai jiki, mai sanyin magana, allura kullum a leɓe. Ba ya musu. Yakan tsayar da keke, ya cire allurar, ya ce, "Malam, ɗan matso da shi wajen haske. Maimaita abin da ka ce a kan fiffiken nan, baƙo bai ji sosai ba." Wani lokaci har ya aika a kawo shayi.

Malam Ɗantsoho ya ɗauki wannan a matsayin nadama. Kai ma haka za ka ɗauka.

Mataki na 5: Gyara bakinka

Daina cewa "ina jin" da "wataƙila". Faɗi shekara. Idan aka yi gardama, ƙara wata. Idan aka ci gaba, ƙara rana, ka ce Talata ce, an yi yayyafi. Ba a musu da mutumin da ya tuna yayyafi.

Kada ka taɓa bajo da hannu a gaban mutane, sa hankici. Sayi tabarau mai igiya.

Mataki na 6: Sa a rubuta ra'ayinka ya zama doka

Masanin da bai shiga kwamiti ba mai surutu ne kawai. Da Himma ta doshi shekara hamsin, aka kafa kwamitin biki ƙarƙashin Alhaji Nagoda, mai sayar da kayan gini, mutumin da ke son a gama taro kafin magariba ko me ake tattaunawa. Aka yanke cewa za a dawo da bajo a ƙirjin 'yan wasa. Matasa suka kawo zane daga kwamfuta, zaki riƙe da ƙwallo, wuta na fita ta bayansa.

Malam Ɗantsoho ya miƙe. Ya yi minti arba'in. Ya ce al'ummar da ta yar da tambarinta ta yar da kanta. Ya kawo ƙudiri cewa Himma za ta koma tambarinta na asali, na ranar farko, ba ƙari ba ragi. Da yake ya san halin kwamiti, bai yarda a tsaya a ɗaga hannu ba. Ya sa aka rubuta, mutum tara suka sa hannu, aka buga hatimi, sannan ya roƙi liman ya shafa fatiha a kai domin kada wani ya zo daga baya ya ce a sake duba. A zaman nan aka naɗa shi Ma'ajin Tarihi, aka ba shi jawabin ranar biki, minti ashirin, bayan shugaba kafin abinci.

Wannan shi ne ƙololuwa. Shekara ashirin na ta'aziyya da reza da jawabi sun biya. Abin da ya rage maka shi ne ka riƙe kujerar, kuma duk sauran matakan a kan haka suke.

Mataki na 7: Guji wanda ya gani da idonsa

Masani ba shi da abokin gaba kamar shaida. Bincika tun da wuri ko akwai wanda ya rage, ka tabbata katin gayyata bai kai gare shi ba. A nan ne Malam Ɗantsoho ya yi sakaci. Alhaji Nagoda ya ga ya dace a gayyaci iyalan wanda ya kafa kulob, aka aika Wusasa inda suke zaune.

Ranar biki da hantsi, ana kafa rumfuna, keke mai ƙafa uku ya sauke wata dattijuwa da lema da jaka. Malama Miriam ce, ƙanwar marigayi Istifanus, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, mai irin muryar da ta saba ba da umarni a ɗakin haihuwa. Aka kai ta teburin da akwatin gilashi yake. Malam Ɗantsoho ya gyara tabarau, ya fara daga hagu. Ba ta tsaya sauraro ba. Ta wuce shahon, ta wuce tantabaru, ta ɗaga murfin da ba wanda ya taɓa ɗagawa sai shi, ta ɗauki kazar da hannunta, babu hankici.

"Ashe tana nan," in ji ta. "Ji ta, ko tsufa ba ta yi ba."

Malam Ɗantsoho ya yi murmushin masana, ya ce Mama ta yi haƙuri, wannan ai kuskuren baya-bayan nan ne, aikin wani tela. Ta juya bajon ta nuna masa bayansa. Ƙyallen da aka yi masa shafi mai ɗigo-ɗigon shuɗi ne. Ta ce daga gefen rigarta ta makaranta ta yanko shi, har uwarsu ta yi mata faɗa.

Sannan ta ba da labari, ga Alhaji Nagoda tsaye, ga 'yan kwamiti uku, ga Kailani can gefe yana ɗaure labulen rumfa. Yayanta shaho ya ce ta ɗinka. Ita kuwa a ajin ɗinki zane biyu kawai aka koya musu, na rufin tebur: fure da kaza. Ya duba ya ce fure ba zai yiwu ba. Ta ɗinka kaji goma sha ɗaya cikin mako biyu. Wasa biyu aka yi da su. A na biyun, 'yan kallon Gyallesu suka zo da dawa a aljihu, duk wanda ya ɗauki ƙwallo sai su watsa masa suna kiran kaji. Da aka dawo kowa ya farke nasa. Shi ya sa take sabuwa, ba ta ga rana ba.

Alhaji Nagoda ya tambaya to yaya aka yi ta zama shaho. Ta ce yayanta mutum ne mai tausayi, bai so ta ji an yar da aikinta. Duk lokacin da za a yi sababbin riguna sai ya kai wa tela bajon da ya gabata, ya ce a yi irinsa sak, a ɗan rage mata ƙiba kawai. Tela ya rage. Na gaba ya kwafi na wancan, shi ma ya rage. Ita tana gani tana shiru, shi yana zaton ba ta lura ba, har ya rasu.

Ta ɗauki shahon, ta murza zaren da yatsa. Ta ce wannan zaren roba ne, mai koɗewa a wanki uku, a 1975 ko a kasuwa babu shi. Amma aikin ya yi kyau, wa ya yi?

Kailani ya ci gaba da ɗaure labule.

Mataki na 8: Kada ka amsa laifi, sauya wajen tsayuwa

Yanzu kana da awa ɗaya kafin a miƙo maka makirufo, mutum biyar sun san abin da ya faru, kuma a Tudun Wada biyar ɗin nan sun isa. Zuciya za ta ce maka ka fito ka ce ka yi kuskure. Kada ka saurare ta, ba ta taɓa zama a kujera mai hannu ba.

Malam Ɗantsoho ya shiga bayan rumfa, ya ciccire takardun shekarun nan bakwai, ya cusa a aljihu. Da aka kira shi, maimakon ya tsaya a hagun akwati inda ya saba, sai ya zagaya ya tsaya a dama. Ya yi sallama, ya gaida manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda ba su zo ba. Sannan ya ce akwai abin da ya daɗe yana damunsa. Shekara da shekaru yana lura mutane suna karanta akwatin nan daga hagu, irin karatun boko, alhali shi tun farko daga dama ya jera shi, yadda iyayenmu suke rubutu a allo. Ya yi shiru ne don ya ga iyakar inda boko ya kai mu.

Liman ya gyaɗa kai. Da liman ya gyaɗa, layin gaba duka ya gyaɗa.

Daga nan jawabin bai buƙaci gyara mai yawa ba. Duk inda ya rubuta lalacewa ya karanta ci gaba. Kulob ya fara da tawali'u, a zaune, kamar kaza. Ya yi haƙuri, ya rage ci, ya tashi sama. An yi tafi. Wani tsohon ɗan wasan baya ya share hawaye, ya ce shi dama tun da yana jin kamar kaza ce. Malama Miriam ta kalli mai jawabi ta saman tabaranta tsawon minti ashirin, irin kallon da take yi wa majinyacin da ya rantse ya sha magani.

Kujera ta tsira. Ka lura da wannan, domin shi ne abin da na yi maka alkawari.

Mataki na 9: Zauna da dokar da ka kafa

Bayan abinci Alhaji Nagoda ya zaro takardar ƙudiri ya karanta ta lasifika: tambarin asali, na ranar farko, ba ƙari ba ragi. Kyaftin ɗin 'yan wasa ya zo har gaban tebur yana roƙo, ya ce wasansu na farko a Gyallesu ne, kuma har yanzu ana sayar da dawa a can. Malam Ɗantsoho ya buɗe baki zai kawo shawarar a sake duba. Alhaji ya nuna masa sa hannunsa, shi ne na farko, ya fi na kowa girma. Ya tuna masa an shafa fatiha. Ya ƙara da cewa tun da Ma'ajin Tarihi ne ya fi kowa sanin abin, shi zai kai aikin wajen tela, kuma a unguwar nan tela ɗaya ne ya rage mai iya bajo.

Washegari da safe ya tsallaka kwata. Majalisa ba ta zama da safe, amma ranar ta zauna. Kailani ya amsa sallama, ya share masa benci, ya tambayi iyali. Malam Ɗantsoho ya zauna yana kallon tsummokin ƙasa. Can ya ce, a hankali, me ya sa bai taɓa faɗa masa ba.

Kailani ya cire allura daga leɓe. "Malam, shekara arba'in ina ɗinki. Mai kawo aiki ba ya cewa komai sai wuya ya matse, hannu ya yi tsawo. Kai kaɗai ne kake zuwa har shago, da baƙi, kana cewa hannuna ya san Allah. In tsayar da kai in samu wa?"

"Amma sunan da aka sa maka fa?"

"Suna ai ya kawo ciniki. Shagon Kailani guda huɗu ne a Tudun Wada, Mai Kaza ɗaya ne." Ya jawo littafin awo, ya lashi bakin fensir. "To, me za a ɗinka?"

Malam Ɗantsoho ya miƙa masa bajon a cikin hankici, ya ce irin wannan, guda ashirin da biyu. Kailani bai karɓa ba. Ya ce idonsa ya yi rauni, kuma shi ba masani ba ne, kada ya je ya sake lalata tarihi. A faɗa masa sunan tsuntsun da baki.

Malam ya faɗa.

Kailani ya karkato kunne, ya ce ƙarar janareton maƙwabta ta hana shi ji. Babu janareton da ke aiki a layin.

"Kaza," in ji Ma'ajin Tarihi, da muryar da ta tsallaka kwata.

"Madalla. A rage mata ƙiba, ko a bar ta yadda take?"

Sanarwa

Mai wannan takarda ya yi alkawarin kujera, kuma kujera tana nan, mai hannu, a bakin fili, daidai inda 'yan kallon Gyallesu suka fi iya jifa. Bai yi alkawarin abin da za a watso wa mai zama a kanta ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya tsinci kansa da dawa a cikin hula, ko iyalan mamaci suka biyo shi neman rigar ubansu, ko matasa ashirin da biyu suka daina gaishe shi, shi ya jiyo, babu hannun marubuci, babu na mai buga takarda. Masu ƙorafi su kai wa kwamiti a rubuce. Sai dai su sani an riga an shafa fatiha.